Shekarar Da Na Buɗe Injin Motar Babanku

Da sunan Allah nake farawa. Ku huɗun nan da na haifa nake rubuta ma wannan, don na lura kun girma da rabin labari, kuma rabin da kuka riƙe ba daga bakina ya fito ba. An ce maku ni na raba babanku da ƙanenshi saboda mota. An ce maku ni na kori kakarku daga gidan ɗanta. Kunya ta hana ku tambayata, ni kuma na yi shiru shekara da shekaru, ina ganin shirun shi ne mutunci. Yanzu ido ya fara rauni, gwiwa ta ƙi, ba zan yarda in tafi in bar maku wannan dauɗa a kan sunana ba.

Shekararmu ta biyu ke nan da barin Karare, lokacin da ɓarayin daji suka hana mutane kwana a gidajensu. Babanku ya tattara mu ya kawo mu cikin Batsari, mu da Inna mahaifiyarshi, gidan nan mai faɗin ƙofa da kuka sani. Ya zaɓi gidan ne saboda ƙofar, don motarshi ta riƙa kwana a tsakar gida. A-kori-kura ce fara, tsohuwa, ta girmi babbar yayarku. Da ita yake kwaso gero da dawa da gyaɗa daga Karare da Yasore ya kawo kasuwa, wani lokaci ya leƙa har Safana da Runka idan hanya ta yi sauƙi. Gonarmu tana can Karare, ana nomawa da rana a gudo kafin la'asar, amma cinmu da shanmu da makarantarku duk a bayan motar nan suke. Babanku bai taɓa kai ta gareji don ƙaramin abu ba. Ranar Juma'a da safe yakan buɗe bonet ya yi ta shafe-shafe, ni ina gefe ina tsince shinkafa, yana yi yana surutu shi kaɗai. Ban taɓa zaton akwai abin da ke shiga kunnena ba.

Ana cikin girbin gero ya faɗi. Yana alwalar azahar buta ta kuɓuce mashi, ya zame ya jingina da bango. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti a Katsina. Muka dawo da shi ɓarin jikinshi na dama ya shanye, baki ya karkace, magana tana fita da ƙyar kamar mai tauna garwashi. Amma ku riƙe wannan da kyau: hankalinshi garau yake. Babu abin da ya manta. Harshe ne kawai ya ƙi ba shi haɗin kai, kuma duk wanda ya yi haƙuri ya zauna, zai ji abin da yake faɗa. Masu haƙurin ne suka yi ƙaranci.

Baffanku Sabi'u shi ya karɓi makulli. Ban ga laifin haka ba, don babanku ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya koya mashi tuƙi, ya yi mashi aure. Mako uku yana fita da motar. A na huɗu sai ga shi ya shigo da ita hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin bonet, wari ya cika gida, ya ce fasinja sun dira a hanyar Yasore suna cewa gobara za ta tashi. Washegari ya zo da wani bakanike daga tasha, wanda ba zan ambaci sunanshi ba don ya riga mu gidan gaskiya. Na shimfiɗa ma babanku tabarma a gindin darbejiya, na koma bakin ƙofar ɗaki. Mutumin ya buɗe bonet, ya leƙa, ko hannun rigarshi bai naɗe ba, ya ce injin ya gama aiki, gyaranshi ya fi ƙarfin gidan nan, gara a sayar tun tana da sauran daraja. Sabi'u ya ce dama akwai wanda ya yi magana.

Babanku ya ɗaga hannunshi na hagu, ya yi ta ƙoƙarin magana. Ni daga inda nake na ji abin da ya ce. Sabi'u da ke tsaye a kanshi ya dafa kafaɗarshi kamar yana lallashin yaro.

“Yaya, ka huta. Wannan ba naka ba ne yanzu, mu za mu ji da shi.”

Har yau ban manta wannan magana ba. Mutumin da ya koya maka riƙe sitiyari, yana zaune da ranshi, da idonshi, a tsakar gidanshi, kana maganar sayar da motarshi a kanshi kamar an riga an yi mashi sutura. Inna tana zaune tana jan carbi, ta ce ai Sabi'u ya fi kowa sani. Suka tsayar da cewa mai saye zai zo bayan kasuwa biyu.

Da suka fita na je na durƙusa kusa da shi. Hawaye na bin gefen bakin nan da ya karkace. Na ce mashi na ji abin da ya ce, amma ya maimaita mani a hankali. Sai da ya yi sau uku kafin ta fito sosai.

“Murfi ne. Gaskit ɗin murfi. Injin lafiya lau.”

Ya sa na jawo ƙarfen da ake auna baƙin mai na kawo mashi. Ya duba, ya shafa a yatsa, ya ce in kalla: baƙi ne sak, da ruwa ya shiga ciki da ya koma kamar kunu. Ya sa na buɗe lagireto, ruwan ciki babu maiƙo ko ɗis. Ya tambaye ni jiya ta ina hayaƙin ya fito, ta salansa a baya ko ta gaba. Na ce ta gaba. Ya gyaɗa kai. A cikin kalmomi guntu-guntu ya fahimtar da ni cewa a saman injin akwai murfi, tsakanin murfin da injin akwai wata roba da ke hana mai fita, ita ake kira gaskit. Idan ta tsufa sai ta bushe ta tsage, mai ya riƙa tsiyaya yana sauka a kan ƙarfe mai zafi, shi ne hayaƙin, shi ne warin. Ya ce aikin rabin yini ne, kuma duk yaron gareji ya san haka, balle mutumin da aka kawo.

Da yamma na aika aka kira Sabi'u, na faɗa mashi abin da yayanshi ya ce, da ladabi, ina kallon ƙasa. Ya yi dariya, ya ce yaushe na zama bakanike, kuma mara lafiya ba a biye ma maganarshi. Na ce to a kira wani ya sake dubawa. Ya ce shi ba zai kunyata mutumin da ya kawo ba, kuma ya riga ya ba mai saye baki. Daga baya ne na ji cewa mai sayen yayan matar Sabi'u ne, wanda ke da motoci a hanyar Katsina. Ban shiga zuciyar Sabi'u ba, ban san abin da suka ƙulla ba, ba kuma zan rantse a kan abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne ya ƙi a sake dubawa.

Kwana biyu ina juya abin. Geronmu yana can a rumbu a Karare, kowa yana kwashe nashi don an fara ƙone rumbuna a ƙauyukan da ke kusa. Idan motar ta tafi, ban san da me zan ciyar da ku ba, ban san da me zan riƙa kai babanku asibiti ba. In na kira wani bakanike da kaina, za a ce mace ta tsallake mazan gida. A rana ta uku ina ba shi kunu, sai na ce mashi, in zai iya faɗa mani abin da zan yi ɗaya bayan ɗaya, ni ina da hannu biyu. Ya daɗe yana kallona. Tun da ya kwanta ban ga ya yi murmushi ba sai ranar.

Na sayar da akuyata. Na kira kawunku Audu, yayana da ke Safana, na sa wayar a kunnen babanku, ni ina fassara, har ya gane irin gaskit ɗin da ake so da ɗan gam na liƙi. Ya hau babur ya je Dutsin-ma ya samo, ya kawo mani a naɗe cikin takarda, ya ajiye a zaure ya koma. Ku lura da wannan ma: a zaure ya tsaya, ko tsakar gida bai shigo ba don yana sauri.

Ranar Laraba ce, kun tafi makaranta, Inna ta tafi gidan suna a wata unguwa. Na tallafo babanku na zaunar da shi a kujera daf da motar, inda zai iya ganin cikin injin. Na ɗaure zane, na ɗauko akwatin sufanunshi, na taka turmi don tsawona bai kai ba. Ya ce in fara cire kan batir. Ya ce in wanke gefen murfin da tsumma da fetur, kada ƙasa ta faɗa ciki idan an buɗe. Wayoyin fulogi huɗu ne, ya ce in na rikita su motar ba za ta tashi ba, sai na ɗauko zaren saƙata na ɗaura ma kowace kala daban, na jera kalolin a raina. Na cire wani ɗan tiyo da ke manne da murfin. Sannan notuna. Na farko ya ƙi motsi, na danna da ƙarfina duka, sufana ta zame, bayan hannuna ya daki ƙarfe, fata ta saluɓe. Na tsotse jinin na ci gaba. Da notunan suka fita murfin ya ƙi ɗagawa, na ɗauko sukundireba zan zura, ya yi wani gurnani da sai da na firgita. Ya nuna muciya. Na riƙa bubbuga gefen murfin da ita a hankali har ya saki.

Ban taɓa ganin cikin inji ba sai ranar. Ƙarafa a jere, jiƙe da mai, tsaf da su. Ya sa na rufe su da tsohon ɗankwali mai tsabta. Tsohuwar robar kuwa ta bushe ƙamas, ina taɓa ta tana karyewa kamar ƙanzo, kuma a kusurwar da ke kallon ƙarfen salansa ta rabe biyu. Na kai mashi guntun a tafin hannuna. Ya riƙe shi ya yi ta jujjuyawa. Na kankare sauran da bayan cokali, na goge bakin murfin da na injin har suna ƙyalli, na kwantar da sabuwar a cikin raminta, na ɗiga gam kaɗan a kusurwoyi kamar yadda ya ce.

Da na zo mayar da notuna sai na ga ɗaya babu. Fuskar babanku ta canza. Ya ce in ya faɗa cikin injin aka tayar, to a ranar ne maganar bakaniken za ta zama gaskiya. Na ɗage murfin, na laluba kowane lungu da yatsa, babu. Na sauko na shiga ƙarƙashin mota da rarrafe, babu. Na ce shi ke nan, na kashe motar da hannuna, na ba Sabi'u abin faɗa har abada. Sai na ɗauko tsintsiya na share duk ƙasar da ke ƙarƙashin motar, na tara, na ɗauko rariya na zauna ina tankaɗewa kamar gari. A zubi na biyar ya fito. Na yi hamdala, na wanke shi da fetur. Babanku ya ce in ɗaure daga tsakiya in yi waje, wannan gefe sannan wancan, kaɗan-kaɗan, kada in matse da ƙarfi robar ta tsinke. Kowane noti sai ya sa na ɗora hannunshi na hagu a kan sufana ya ji da kanshi, sannan ya ce ya isa.

Bayan azahar na mayar da wayoyi da batir, na ƙara mai. Na tallafe shi ya shiga mazaunin direba, ya tabbatar ba ta cikin giya, ya murɗa makulli da hagu. Ta tashi. Ɗan hayaƙin man da ya rage a jikin ƙarfe ya ƙone ya wuce, daga nan shiru, sai ƙarar inji. Muka bar ta tana aiki har aka kira la'asar. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo bai sauka ba.

Na ɗauka Sabi'u zai ji kunya ya yi shiru, ko ma ya yi murna. Ya zo, ya zagaya motar, ya leƙa injin, ya fita. Kwana biyu bayan nan maƙwabciyata ta shigo tana ta kame-kame, da ƙyar ta faɗa mani abin da ake yaɗawa a unguwa. Wai babu macen da za ta iya wannan aiki. Wai na jira Inna ta fita, na shigo da wani ƙato gidan mijina, mijin yana kwance ba ya iya magana, kuma Allah kaɗai ya san da me na biya shi. Daga bakin Sabi'u ta fito, a majalisar bakin tasha, a gaban mutane.

Ina da shekara ashirin da ɗaya a gidan babanku a lokacin. Ni na yi jinyar mahaifinsu. Ni na yi ma matar Sabi'u wankan jego har sau biyu. Ni ke wanke babanku, in ɗauke mashi fo, in juya shi. Wannan ne sakamakon da na samu, don kawai na hana a ɗauke abin da ke ciyar da 'ya'yana. Abin da ya fi ci mani rai, Inna ta ji, kuma ba ta ce ƙarya ne ba. Ta daina amsa gaisuwata sosai, tana kallona ta gefen ido.

Ban so babanku ya ji ba, amma ya ga ina kuka a madafa, ya tsare ni sai da na faɗa. Ya sa aka kira liman, da mai unguwa, da Sabi'u, aka shimfiɗa masu tabarma a tsakar gida, Inna tana gefe. Ya yi ƙoƙarin yin bayani, harshe ya sarƙe, Sabi'u ya ce kun gani ko, ba ya ma sanin abin da ake ciki. Sai babanku ya juyo ya kalle ni, ya nuna akwatin sufanu.

“Buɗe. Su gani.”

Ban so ba. Na san in na yi, na wanke kaina, amma na tozarta ɗan Inna a gaban manyan unguwa, kuma ba za a yafe mani ba. Na san kuma in ban yi ba, ku ne za ku girma ana nuna ku da baki. Na gyara mayafina, na taka turmi. A gabansu na cire kan batir, na cire wayoyi, na kwance notuna, na ɗaga murfin na ajiye a gaban liman. Babanku bai ce mani komai ba a wannan karon, ko sau ɗaya. Na nuna masu tabon hannuna, na kawo guntayen tsohuwar robar da na adana a gwangwani. Sannan na mayar da komai, na ɗaure daga tsakiya zuwa waje, aka tayar da mota.

Liman ya yi salati, ya juya ya ce ma Sabi'u ƙazafi ba ƙaramin abu ba ne, ya nemi gafarata a nan take, ya kuma koma inda ya faɗa ya warware. Sabi'u ya ce shi wasa yake yi, ai akwai wasa tsakaninshi da matar yayanshi, mutane ne suka ɗauka da zafi. Ya kaɗe rigarshi ya fita. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Kafin magariba ta ɗaure kayanta, ta ce ba za ta zauna gidan da mace ke tara ma ɗanta jama'a ba. Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina ba ta haƙuri, babanku yana kiranta da bakin da ba ya fita. Ta wuce gidan Sabi'u. Wannan ita ce korar da aka ce na yi mata. Kullum ina aika mata da tuwo har ta rasu, wani lokaci a dawo da kwanon yadda ya tafi.

Kawunku Audu ya samo mana direba mai amana daga Safana. Cikin kwana uku aka kwashe geronmu daga Karare, aka kwaso na maƙwabta biyu da ba su da hali. Motar nan ta yi shekara shida tana aiki bayan ranar da aka ce ta mutu. Ita ta riƙa kai babanku asibiti har shekara biyun da Allah ya ƙara mashi suka cika. A cikin shekara biyun nan ƙanenshi bai tako gidan ba sai ranar jana'iza. Babanku yakan sa in zaunar da shi yana fuskantar ƙofa, bai taɓa faɗin wanda yake jira ba, ni ma ban tambaya ba. Wannan shi ne abin da ban iya haɗiyewa ba har yau. Inna na yafe mata duniya da lahira, uwa ce, tsakanin 'ya'ya biyu aka sa ta. Kuma ba na cewa ku yanke zumunci da baffanku. Jininku ne, ku gaishe shi, ku je mashi biki da ta'aziyya.

Da Sallar layya da ta wuce baffanku ya zo, ba ku nan. Ya tsufa, gemu ya yi fari, ya kawo cinyar rago da turmin atamfa. Muka gaisa, ya tambayi jikina, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, Yaya, abin da ya wuce ya wuce, girma ya zo mana duka, a bar tone-tone. Na ce mashi na gode da nama, Allah ya karɓi ibada, amma ni ba atamfa nake jira ba.

“Kalma uku ce, Sabi'u. Ka ce, ƙarya na yi. Liman yana nan da ranshi, majalisar tasha ma tana nan. Ka faɗa a can, ka zo in dafa maka tuwo da hannuna.”

Ya daɗe a zaune yana murza hularshi. Na ga bakinshi ya motsa, har na ɗauka za ta fito. Sai ya miƙe ya ce rana ta yi, yana da sauran gidajen da zai shiga. Naman na raba ma maƙwabta. Atamfar na sa aka mayar mashi.